Saƙon Malam Isyaku da Sandar Ɗansa

Akwai wani mutum a birnin Daura mai suna Yahya, ɗan farin marigayi Malam Isyaku na cikin gari. Abin da zan ba ku labarinsa ya auku ne shekara bakwai bayan ƙaddamar da Shari'a a jihar Katsina, zamanin da gidan da ke da kwamfuta sananne ne a unguwa.

Yahya fataucin shanu yake yi tsakanin Mai'adua da kudu. Dogo ne ƙaƙƙarfa, kuma sandar gora ba ta rabuwa da hannunsa. Yana da kishin addini, wannan ba mai musa masa, sai dai kishi ne wanda ilimi bai sa masa linzami ba.

Ya taɓa farfasa rediyon wani mai shayi don ya ji kiɗa ana kiran salla. Ya taɓa kifar da wani ɗan acaɓa a cikin kwata, ya tsaya a kansa yana yi masa wa'azi. Duk ranar da ya yi irin wannan sai ya gyara hularsa ya ce, "Yanzu Shari'a ake yi." Alhali kuwa Shari'a da alƙali take tafiya, da shaidu, da bincike. Ba a taɓa damƙa ta ga sandar mai wucewa ba.

Ƙaninsa Maharazu malamin Islamiyya ne, siriri, mai sanyin magana. Shi Malam Isyaku ya zaunar a kan buzunsa na karantarwa kafin ya rasu, kuma wannan ne ƙullin da ke zuciyar Yahya.

Kun san alkunyar da iyayenmu ke yi wa ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa wa Yahya suna, daga Malam har mahaifiyarsa Inna Kande babu wanda ya taɓa furta sunan. "Kai" suke ce masa, ko "wancan". Malam bai taɓa yabonsa a gaban mutane ba, bai taɓa dafa kansa ba. Al'ada ce, amma Yahya ya fassara ta da rashin so. Da buzu ya tafi ga ƙaninsa, sai ya ce hujja ta cika.

A ciwon ajalinsa, Malam ya sa aka kawo masa rakoda da sabon kaset, ya sallami kowa daga ɗakin. Yahya yana kudu da shanu a lokacin. Da Malam ya gama ya kira Maharazu ya ce, "Wannan na yayanka ne. Amana ce. Kada kunnen kowa ya riga nasa."

Bayan kwana bakwai da rasuwar, Maharazu ya miƙa wa yayansa kaset ɗin. Yahya ya dube shi ya kawar da kai.

"Wanda aka bai wa buzu shi ya san magana. Ajiye. Ranar da na ga dama zan ji."

Shekara huɗu ranar nan ba ta zo ba.

A tsakanin shekarun Maharazu ya sayi tsohuwar kwamfutar kan teburi, ya ajiye ta a ɗakin da ke jikin zaure. Ya ɗauki karatuttukan Malam na tafsiri da fiƙihu, kaset ɗari da arba'in da uku, ya riƙa zuba su cikinta ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya cinye masa shekara da rabi. Da ya zo kan kaset ɗin amana, sai ya zare wayar lasifika, ya zuba shi ba tare da ya ji ko kalma ɗaya ba.

Allah da ikonSa, daminar da ta biyo baya rufin tsohon soro ya rufta a kan akwatin kaset-kaset ɗin. Da aka tono su, har da na amanar, sun zama laka. Daga ranar, muryar Malam Isyaku ba ta da sauran mazauni a duniya sai cikin wannan akwatin ƙarfe. Yahya yana kan hanya lokacin, ya ji dai soro ya faɗi, bai tambayi abin da ya danne ba. Shi kuwa Maharazu kullum yana cewa gobe zai kwafe su a faifai, goben ba ta zo ba.

Wata Litinin Maharazu ya dawo daga ta'aziyyar kwana uku a Mashi. Ya kunna kwamfutar, sai ya ga tana jan ƙafa. Can sai hoton tsiraici ya buɗe kansa a kan gilashin. Ya rufe, biyu suka buɗe. Ya nemi tsarin Allah, ya zare wayar wuta, ya nufi shagon Mati.

Mati mai gyaran kwamfuta ne a hanyar Kusugu, tsohon ɗalibin Malam. Shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu tun yana ƙarami, da sanda yake dogarawa. Ya saurari bayanin har ƙarshe.

"Bairos ce, cutar kwamfuta, kuma muguwa," in ji Mati. "Maganinta fomatin. A shafe duk abin da ke ciki, a zuba mata sabuwar manhaja daga faifai."

"To mu je ka shafe. Ba na son ƙazantar nan ta kwana a gidan Malam."

Mati ya yi dariya. "Malam ƙarami, mahaifinka ya taɓa barin ka wanke allo kafin ka kawo hadda?"

"Bai taɓa ba."

"To ni ma ba na wankewa. Je ka ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ke cikinta, ka tambayi duk wanda ya taɓa zama gabanta ko yana da ajiya. Ka nemo faifan da aka haɗo ka da su ranar da ka saye ta. Sannan duk filas ɗin ɗaukar bayanai da aka taɓa soka mata a kawo mini, don in ba a gano ƙofar da ɓarawo ya shigo ba, gyaran katanga banza ne. Ni kuma zan kwashe karatun Malam zuwa wani rumbun ajiya na kwamfuta, in buɗe su in ji da kunnena sun kwafu. Sai an yi duk wannan za a yi maganar shafewa."

Rumbun da Mati ke kwashe ajiyar mutane a ciki yana hannun wani sai Alhamis. Saboda haka Maharazu ya koma gida ya lulluɓe kwamfutar da mayafi, ya manna takarda a kai: "Don Allah kada a kunna sai Alhamis." Ya gaya wa Inna abin da ya gani, bai zargi kowa ba.

Ranar Laraba bayan Azahar, Yahya ya iso gidan tare da Alhaji Hamma, wani babban mai sayen shanu da ya daɗe yana neman shiga wurinsa. So yake ya nuna masa hotunan bijiman da ya gano a Nijar. Maharazu yana Islamiyya.

Yahya ya karanta takardar, ya yage ta.

"A gidan ubana za a kafa mini doka?"

Ya yaye mayafin, ya kunna. Suka zauna suna jira. Abin da ya bayyana ba bijimi ba ne.

Alhaji Hamma ya rufe fuskarsa da hannun riga. "A'uzu billahi. A gidan Malam Isyaku?" Ya laluba takalmansa ya fita, ko sallama bai yi ba.

Yahya ya miƙe. Ya ɗaga gorar ya sauke ta a tsakiyar gilashin. Ƙarar ta kai har bakin titi, tarwatsattsun kwalabe suka watsu a kan tabarma. Ya juya kan akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin teburi, wanda har lokacin yake kunne, ya zabga masa gora a gefe har ya lotsa, ya kuma sa ƙafa ya hantsila shi.

A daidai nan Maharazu ya shigo da gudu. Bai tsaya magana ba. Ya faɗa a kan akwatin ya rungume shi, ya rufe shi da cikinsa.

"Tashi, fasiƙi."

"Yaya, ka tsaya ka ji..."

Gora ta sauka a gadon bayansa.

"A kan buzun Malam kake zama da safe, da rana ka zo nan ka kalli wannan? Tashi in ragargaza ta."

"Yaya, muryar Malam..."

"Kada ka sake ambaton Malam da bakin nan."

Ya sake sauke masa a kafaɗa, ya sake a haƙarƙari. Maharazu ya ɗaga hannun dama don ya kare kansa, gorar ta same shi a tsintsiyar hannu. Waɗanda suka fara taruwa a ƙofa sun ji ƙarar ƙashin. Hannun ya saki, amma bai tashi ba, sai ya ƙara matse akwatin da na hagu.

Wannan ya ƙara tunzura Yahya, don a ganinsa mutumin da ke ba da ƙashinsa fansar abu, to abin ya mallake zuciyarsa. Ya kama wuyan rigarsa ya ja, ya buga fuskarsa da ƙafar teburi. Haƙorin gaba ya fita. Jini ya zubo a kan murfin akwatin, ya gangara cikin ramukan iska.

Zaure ya cika. Alhaji Hamma ya riga ya faɗa wa mutum biyu a hanya, biyun sun faɗa wa ashirin. Wani ya ce, "Malamin yara ne fa." Wani ya ce, "A fito da shi a kai shi gaban alƙali." Wani daga baya ya jefo takalmi. Babu wanda ya tambayi Maharazu komai, kuma ko an tambaye shi bakinsa cike yake da jini.

Yahya ya ɗaga gorar da hannu biyu, ya auna kai.

"Yahya."

Ba da ƙarfi aka faɗa ba. Inna Kande ce tsaye a ƙofar cikin gida, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Shekara arba'in da biyu tana da wannan ɗa, ranar ce farkon da sunansa ya fito daga bakinta.

Gorar ta tsaya a sama. Tsofaffin da ke wurin suka sunkuyar da kai, don sun san nauyin abin da ya sa uwa ta keta alkunyarta a gaban maza. Yahya ya sauke hannunsa a hankali, ya ratsa mutane ya fita.

Aka kira maɗori ya ɗaure hannun da karare. Maharazu bai yarda an raba shi da akwatin ba sai da aka ajiye shi a ɗakin Inna.

Washegari da hantsi, Maharazu yana kwance da zazzaɓi, Yahya ya dawo. Fushinsa bai huce ba, sai dai ya sake masa hanya. Ya shiga ɗakin Inna tana banɗaki, ya saɓi akwatin a kafaɗa, ya kai shi shagon Mati ya dire a kan teburi.

"An ce kai ne mai wanke su. Shafe komai yanzu, ina tsaye."

Mati ya dubi lotsawar, ya dubi busasshen jinin. "Ba na shafewa sai na kwashe abin da ke ciki."

"Ƙazanta za ka kwashe? Ko kai ne kake sayar masa?"

"Ni gyara nake yi, Alhaji."

Yahya ya miƙa hannu ta kan teburin ya cakumi wuyan rigarsa, ya ɗaga shi har sandar dogarawarsa ta faɗi. Ya haɗa bayansa da bango, faifai suka zubo daga kan kanta.

"Gurgun banza, za ka shafe ko sai na daidaita maka ɗaya ƙafar?"

Mati ya yi tari, ya ce, "Ka iya dukana, ka ga dai ba gudu zan yi ba. Amma ka amsa mini tambaya ɗaya. Ina kaset-kaset ɗin Malam?"

"Suna gida."

"A wane ɗaki?"

Mati bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Suna cikin soron da ya rufta. Laka ta cinye su shekara biyu ke nan. Duk abin da ya rage na muryar mahaifinka yana cikin wannan da ka lotsa. Har da naka, wanda ya bar maka. In na danna abin da kake so in danna, minti kaɗan ne, ba mai sake jin Malam har tashin ƙiyama. In shafe?"

Yatsun Yahya suka saki. Mati ya zame ƙasa, ya laluba sandarsa ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa kamar ba abin da ya faru.

Suna haka Inna Kande ta iso a bayan acaɓa, Maharazu a bayan wani, hannunsa rataye a wuya, leɓensa a kumbure. A hannun hagu yana riƙe da takardar da ya rubuta tun Litinin, da faifan manhaja a cikin leda. Bai dubi yayansa ba, ya miƙa wa Mati.

Mati ya kwance akwatin, ya ciro rumbun ajiyar, wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu, ya haɗa shi da tasa kwamfutar. Rumbun ya juya, sai ya fara wata ƙara, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana taunar tsakuwa.

"Yana kunne aka buge shi?"

Yahya ya sunkuyar da kai.

"To ya ji rauni. Za mu kwashi abin da Allah Ya nufa." Ya sa kwafin ya fara tafiya, sannan ya juyo. "Saura filas. Injin nan ba shi da intanet, cuta ba ta shigarsa ta iska. Da hannu aka kawo ta."

Maharazu ya zaro tasa daga aljihu. Mati ya soka ta a kwamfutarsa mai maganin bairos, ya jira. Ba komai a ciki sai jarrabawar ɗalibai.

"Akwai wata?"

Idon Mati ya sauka a kan makullan da ke rataye a ɗamarar Yahya. A cikinsu akwai wata 'yar jar filas da yake yawan kaɗawa a kasuwa don a san ya waye.

"Wannan wa'azi ne da hotunan shanu," in ji Yahya. "A wata rumfa a Mai'adua aka zuba mini."

"An taɓa soka ta a injin gida?"

"Sau ɗaya. Don in ga ko hotunan sun fito."

"Kawo."

Tana shiga, kwamfutar Mati ta yi ƙara, jan rubutu ya cika gilashin. Mati ya karanta shi. Ya koma kan rumbun gidan Malam, ya nemo inda cutar ta fara sauka, ya sa yatsa a kan kwanan watan.

"Injin yana rubuta ranar da kowane abu ya shige shi. Wannan ta shiga ranar Asabar, ƙarfe goma da kwata na safe."

Inna Kande ta yi magana tana kallon ƙasa, ta kuma koma ga alkunyarta. "Asabar Maharazu yana Mashi. Kai ka karɓi makullin ɗakin a hannuna, ka ce minti biyar."

Rumbun ya ci gaba da ƙas, ƙas ɗinsa.

Yahya ya fizge filas ɗin, ya fita bakin shago, ya ɗora ta a kan dakali, ya ɗauki bulo ya yi ta dukanta har ta zama gari, har bulon ya fasa masa yatsa.

"Ita ma ba laifinta ba ne," in ji Mati daga ciki. "Abin da aka ɗora mata ta ɗauko."

Kwana biyu kwafin yana tafiya. Rumbun ya yi gaba kaɗan ya tsaya, Mati ya kashe shi ya huce, ya sake tayarwa. In an ɗauke wuta ya ta da janareta. Yahya bai je kasuwa ba. Yana zaune a kan dakalin daga safe zuwa Magariba, ba ya shiga, ba ya tafiya. Masu wucewa da suka ji yadda gaskiya ta fito suna gaishe shi a taƙaice. Waɗanda suka jefi Maharazu da magana kuwa, wasu sun je ba da haƙuri, wasu sun sake hanyar zuwa masallaci.

Ranar Asabar bayan La'asar Mati ya aika a kira su.

"Cikin ɗari da arba'in da uku, ɗari da talatin da takwas sun fito lafiya. Na buɗe kowanne, farko da tsakiya da ƙarshe. Biyar sun tafi."

"Alhamdu lillahi a kan kowane hali," in ji Maharazu. Kalmomin suna fita da iska ta gurbin haƙorin.

Yahya ya ɗago kai. "Nawa fa?"

Mati ya daɗe yana gyara wata waya da ba ta buƙatar gyara.

"Naka yana daidai inda raunin ya fi tsanani. Tsawonsa minti arba'in da ɗaya ne. Abin da na iya cirowa daƙiƙa goma sha tara. Ban saurara ba."

Inna da Maharazu suka yunƙura za su fita, don amana ce. Yahya ya ce, "Ku zauna. Don Allah ku zauna."

Mati ya danna.

Aka ji ƙugin kaset, aka ji tari irin na mai jinya. Sannan muryar Malam Isyaku ta fito, a raunane amma sarai. Ya yi basmala, ya yi salati ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

"Yahya. To, na faɗa. Shekara talatin da takwas sunan nan yana bakina ban fitar da shi ba. Yahya, ɗana. Ka zauna sosai, maganar tana da tsawo. Farko dai..."

Sai wani ƙaƙƙarfan shuuu ya cika shagon, sannan shiru.

"Sake," in ji Yahya.

Mati ya sake. Wuri ɗaya ta yanke.

"Ba wata dabara? A Kano fa? A Legas?"

"Wurin ya karce, Alhaji. Abin da ke kai ya goge. Da rumbun bai bugu ba, da a ranar Alhamis kafin Azahar na kwashe shi duka."

Yahya ya juya ga ƙaninsa. "Kai ka zuba shi. Me ya ce?"

"Na zare lasifika, Yaya. Ya ce kada kunnen kowa ya riga naka."

Ya juya ga mahaifiyarsa. Ta girgiza kai. "Ni ma fitar da ni ya yi."

Mutumin da Daura ta sani da gora ya durƙushe a tsakanin wayoyi da matattun injuna, ya kifa fuskarsa a gwiwa, kafaɗunsa suna girgiza. Ba wanda ya rarrashe shi. Da ya ɗago, ya jawo gorar ya ajiye ta a gaban Maharazu, ya miƙa hannunsa na dama a kan teburin Mati.

"Shari'a ta ba ka ƙisasi. Hannu da haƙori. In a gaban alƙali kake so, mu je. In a nan ne, ga shi."

Maharazu ya dubi gorar, ya dubi hannunsa da ke cikin karare.

"Da wane hannun zan rama, Yaya?"

Mati ya kawar da kai don kada a ga bakinsa.

"Na yafe," in ji Maharazu, "duniya da lahira. Ni ma ina da nawa kason. Shekara biyu ina cewa gobe zan kwafe. Da na yi, da fushinka gilashi kawai ya ci."

Mati ya sa sabon rumbu a cikin akwatin, don tsohon ba ya sake amintuwa. Amma tsohon ma sai an shafe shi saboda cutar da ke ciki. Kafin ya danna, ya ɗauko takardar Maharazu ya karanta ta layi-layi, yana tambaya, "Wannan ya fita?" ana amsawa. Sannan ya dubi kowa ya ce, "Akwai mai sauran ajiya a ciki?" Ya tambaya sau uku, kamar yadda ya saba. A ta ukun Yahya ya ce, "Akwai, amma ba ta fitowa. Shafe."

Aka shafe. Aka sa faifai, sabuwar manhaja ta sauka, karatun Malam ya koma mazauninsa. A makon Yahya ya sayo gilashi, ya kuma sa aka buga karatun a faifai kashi uku, aka raba su gida uku.

Shekaru sun shuɗe. Hannun Maharazu ya ɗoru amma a karkace, har yau da hagu yake rubutu a allo. Yahya yana zama a sahun baya na zauren in ƙaninsa yana karantarwa, kuma gorarsa ba ta sake taɓa komai ba sai shanu. Ya saurari karatu ɗari da talatin da takwas ɗin nan daga farko har ƙarshe, ba sau ɗaya ba, ko Malam ya yi wata ishara gare shi a wani wuri. Bai samu ba.

Daƙiƙa goma sha taran nan suna cikin wayarsa. In ya yarda da kai zai kunna maka. Idan muryar ta zo kan "Farko dai", yakan kashe da kansa kafin shuuu ɗin ya fito, ya mayar da wayar aljihu.

Darasi: Ya ɗan'uwa, kishin addini ba tare da ilimi da bincike ba wuta ce da ke fara cin gidan mai ita. Kada ka zartar da hukunci a kan abin da idonka ya gani sai ka tambayi yadda ya zo, domin sau da yawa ɓarnar da kake neman mai ita a aljihunka ta shigo. Kada ka wanke allo kafin hadda, kada ka shafe abu sai ka san abin da ke cikinsa, kuma kada ka jinkirta sauraron iyayenka ko adana amanarsu zuwa gobe, domin goben ba a hannunka take ba. Wanda ya karanta wannan ya tura wa 'yan'uwansa, musamman masu saurin hannu a cikinmu, ko Allah Ya sa ya tsayar da wata sanda kafin ta sauka. Allah Ya ba mu haƙuri da tabbatarwa, Ya jiƙan iyayenmu. Amin.